Alƙaluman rashin aikin yi: wa ake ƙirgawa, wa ake tsallakewa?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman masana su warware mini wani abu. A jadawalin rashin aikin yi na ƙasashen duniya, Jamhuriyar Nijar ba ta kai ko kashi 1 cikin ɗari ba, bisa ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO. Sifaniya kuwa, da duk arzikinta, ta shafe shekaru tana sama da kashi 10, a 2013 ma ta haura kashi 25. Afirka ta Kudu, da ta fi yawancin ƙasashen Afirka masana'antu, ta wuce kashi 30. Shin lissafin ne ba daidai ba, ko mu ne ba mu iya karanta shi ba?

Nura: Wa alaikumus salam. Malam, lissafin ne ba daidai ba, kar ka wahalar da kanka. Dubi Najeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi kashi 33.3 ne. Aka yi shiru sama da shekara biyu ba rahoto. A watan Agustan 2023 sai ga sabo, wai a farkon shekarar kashi 4.1 ne. Wane kamfani aka buɗe? Wace masana'anta ta farfaɗo? Mutum miliyan nawa aka ɗauka aiki a tsakani? Babu. Alƙalami kawai aka ja.

Dakta Rabi: Malam Habu, tambayarka tana kan hanya. Nura ƙanena, fushinka yana da dalili, amma bari mu fara da yadda ake yin lissafin.

Ba a ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya. Ana zaɓar gidaje ne a faɗin ƙasa, a je a yi wa mutanen ciki tambayoyi, sannan a ƙiyasta na sauran jama'a. A Amurka, alal misali, gidaje kimanin 60,000 ake tambaya kowane wata. Daga amsoshin ake raba waɗanda suka kai shekarun aiki gida uku.

Mai aiki shi ne wanda ya yi aƙalla awa ɗaya yana wani abu don a biya shi ko don ya ci riba a cikin makon da ake tambaya a kai. Marar aiki kuwa sai ya cika sharuɗɗa uku a lokaci guda: bai yi ko awa ɗayan nan ba, ya nemi aiki a 'yan makonnin baya, yawanci huɗu, kuma in an ba shi yanzu a shirye yake ya fara. Duk wanda bai faɗa ɗayan biyun nan ba, kamar ɗalibin da ba ya aiki kuma ba ya nema, ko tsoho da ya yi ritaya, ko wanda ya gaji ya daina nema, ana ajiye shi a gefe, ba ya cikin lissafin kwata-kwata.

To kason da ake bugawa a jarida, ana raba marasa aikin ne da jimillar masu aiki da masu nema, ba da dukkan jama'ar ƙasa ba. Wannan ƙa'ida ta awa ɗaya ba sabuwa ba ce, tun taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya karo na 13 aka tsayar da ita, a 1982.

Nura: Awa ɗaya, Dakta? A mako guda? Don Allah wa zai ciyar da iyali da aikin awa ɗaya?

Dakta Rabi: Babu wanda zai iya, kuma masu ƙa'idar ba su ce zai iya ba. Abin da suke son aunawa shi ne rashin aiki ƙurmus, wato wanda bai taɓa komai ba. Shi ya sa amsar tambayar Malam Habu take da ɗaci. A ƙasar da ake biyan marasa aiki alawus, mutum zai iya zama wata shida yana neman aikin da ya dace da shi, gwamnati tana tallafa masa. Wannan za a ƙirga shi marar aiki. A ƙasar da babu irin wannan tallafi, in ka zauna yunwa ce za ta tashe ka. Dole ka yi dako, ko talla, ko kowace irin buga-buga. Da ka yi, ka shiga sahun masu aiki. Ƙarancin adadin a ƙasa matalauciya ba alamar wadata ba ce, alama ce ta cewa talaka ba shi da halin zaman jira.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri, Dakta. Kenan zaman neman aiki ma sai mai hali.

Lawal: Tabbas. A duba ma rahotannin Najeriya na bayan 2023: waɗanda suka yi karatun gaba da sakandare sun fi waɗanda ba su shiga makaranta ba yawan rashin aiki. Ba don ilimi yana hana aiki ba ne. Mai digiri yakan jira, iyaye ko yayye suna riƙe da shi. Wanda bai yi boko ba tun yana yaro yake fita nema.

Na taɓa yin aikin tattara irin waɗannan bayanai, bari in gaya muku yadda abin yake a ƙofar gida. Ka zauna da magidanci, kwamfutar hannu a cinyarka, ka tambaye shi ko ya yi aiki a kwana bakwai da suka wuce. Sai ya girgiza kai ya ce rabonsa da aiki tun da aka rufe wurin da yake. Amma takardar tambayoyin ba ta tsaya nan ba. Tambaya ta gaba: ka yi wani abu, komai ƙanƙantarsa, da ya kawo maka kuɗi? Sai ya yi shiru, ya ce to, ranar Talata ya taya wani sauke kaya daga mota an sallame shi. Da ka danna "e", na'urar ta tsallake duk tambayoyin neman aiki, ta wuce zuwa na masu aiki. Mutumin yana zaune gabanka, idonsa ya faɗa, yana gaya maka ba shi da aiki, kai kuma ka san a wane layi ya faɗa. Wallahi abin yana damun mutum.

Sai dai a cikin takardar akwai tambayar awa nawa ya yi, da ko yana son ƙari, da ko akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsa da wanda ya sa shi. Duk ana rubutawa. Halin da yake ciki yana cikin rahoton, jarida ce ba ta kaiwa shafin.

Nura: To ai ka gama magana, Yaya Lawal. In ma'aikacin da ya je gidan ya san mutumin ba shi da aiki, mutumin ma ya sani, sai takarda ce kaɗai ta ce yana da shi, wa ya kamata a gyara?

Baba Audu: Yarana, ku bar ni in sa baki. Na yi shekaru a harkar ƙungiyar ƙwadago, kuma ina tare da Nura a rabin maganarsa. Tsohon tsarin Najeriya ba hauka ba ne. A da, wanda bai kai awa 20 a mako ba marar aiki ne, daga 20 zuwa 39 mai ƙarancin aiki, 40 zuwa sama shi ne mai cikakken aiki, kuma daga shekara 15 zuwa 64 ake ƙirgawa. An yi haka ne don lissafin ya yi kama da abin da mutane suke ji a jikinsu. Shi kansa tsohon shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Dakta Yemi Kale, ya fito fili ya nuna bai gamsu da ma'aunin awa ɗaya ba.

Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce ƙarya aka shirga. Hukumar ta faɗa a fili cewa ta sauya tsari, ta koma na ILO, tare da tallafin Bankin Duniya. Mudu aka sauya, hatsin yana nan yadda yake. Laifin yana kan duk wanda ya ɗauki 33.3 da 4.1 ya jera su ya ce rashin aiki ya ragu. Waɗannan lambobi biyu ba a gwada su da juna.

Dakta Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, haka yake. Zan ƙara da cewa tsohon tsarin ma yana da nasa aibin. Yana sa a kasa kwatanta ƙasar da kowace ƙasa. Kuma awa kaɗai ba ta nuna samu: wani likita zai yi awa 15 a mako ya wadata, mai talla ya yi awa 70 yana hannu baka hannu ƙwarya. A tsohon lissafi likitan ne marar aiki, mai tallan kuma mai cikakken aiki.

Abin da na fi so a riƙa dubawa yana cikin rahoton 2023 ɗin nan da ake zagi. Sama da kashi 90 na masu aiki suna ayyukan da ba na hukuma ba, babu rajista, babu fansho, babu hutun rashin lafiya. Masu aikin albashi wajen kashi 12 ne kacal, sauran yawancinsu kansu suke yi wa aiki. Wannan ya fi 33.3 tayar da hankali in mutum ya fahimce shi. Kuma ba Najeriya kaɗai ba ce. Rahoton ILO na 2018 ya ce mutum biliyan 2 ne a duniya ke irin wannan aiki, sama da kashi 60 na dukkan ma'aikata, a Afirka kuwa kusan kashi 86.

Sadiq: Ni ina da tambaya a kan gida na ukun nan da Dakta ta ce ana ajiyewa a gefe. Na gama jami'a, na yi ta aika takardu har na gaji. An kira ni ganawa a wani kamfani, na je da kuɗin motar da na ranta, muka cika ɗakin jira har wasu a tsaye, daga ƙarshe aka fito aka ce an ɗage, za a kira mu. Ba a sake kira ba. Yanzu kam na daina nema, don nema ma kuɗi yake ci. Kenan ni ba na cikin marasa aiki?

Dakta Rabi: Sadiq, Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Amsar ita ce, a lissafin da ake bugawa, ba ka ciki. Ga yadda abin yake aiki. A ce akwai mutum 100, 60 suna aiki, 5 suna nema, 35 suna gefe. Rashin aiki 5 ne cikin 65, wajen kashi 7.7. In uku daga cikin biyar ɗin suka fid da rai suka daina nema, sai ya zama 2 cikin 62, wajen kashi 3.2. Ba wanda ya samu aiki, amma adadin ya ragu da fiye da rabi.

Hukumomin da suka san aikinsu suna fitar da lamba ta biyu saboda irinka. Afirka ta Kudu tana buga guda biyu kowane wata uku: na hukuma, wanda ya kai kashi 35.3 a ƙarshen 2021, da faɗaɗɗe, wanda ya haɗa da waɗanda suka fid da rai, shi kuma ya haura kashi 40. Amurka tana da ma'auni shida, daga U-1 zuwa U-6. U-3 ake ji a labarai, amma U-6 ya haɗa da masu aikin 'yan awoyi da ba haka suka so ba, da waɗanda suke son aiki amma sun dakata da nema.

Sadiq: Amin, na gode Anti. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce kamar ba mu nan. Abokan karatuna da yawa haka suke, ba makaranta, ba aiki, ba koyon sana'a.

Lawal: Akwai ma'auni na musamman a kanku, ƙanena, na matasan da ba sa aiki, ba sa karatu, ba sa samun horo. ILO ta ce kusan ɗaya cikin kowane matasa biyar a duniya haka yake, kuma biyu cikin uku na waɗannan mata ne.

Ummu Khalil: Alhamdu lillahi da aka zo kan mata, don tun ɗazu nake jira. Macen da ta tashi tun asuba tana hidimar gida, raino, jinyar tsofaffi, har dare, ita a wane gida take? Na san amsar, a gefe take. A duniya baki ɗaya matan da ake lissafawa cikin masu aiki ko masu nema ba su kai rabi ba, maza kuwa sun haura kashi 70. Ba don matan suna kwance ba ne.

Kuma akwai wani abu. Sau da yawa mai tambayar maigida yake samu, shi ne yake amsawa a madadin kowa. A tambaye shi matarsa tana aiki, ya ce a'a, tana gida. Alhali tana ɗinki ana biyanta, ko tana saye da sayarwa ta waya. Ita bai ɗauke ta mai aiki ba, ƙasa ma ta rasa ta a lissafi. In ba a san da ke ba, wa zai tsara miki rance ko horo?

Lawal: Hajiya, wannan gaskiya ce, kuma sananniyar matsala ce a wannan aiki. Shi ya sa ake horar da masu tambaya su nemi kowa ya amsa da bakinsa in da hali, kuma a riƙa kawo misalan ƙananan sana'o'i a cikin tambayar.

Dakta Rabi: Taro na 19 na masana ƙididdigar, a 2013, ya taɓo wannan. Ya amince cewa hidimar gida da aikin sa kai duk aiki ne, a auna su daban. Amma ya kawo wani sauyi mai nauyi: manomin da yake noma don cin gidansa kawai, ba don sayarwa ba, an cire shi daga sahun masu aiki. A ƙasashen da irin wannan noma ya yi yawa, sauyin kaɗai yana iya motsa alƙaluma sosai ba tare da komai ya canja a gona ba. Don haka duk lokacin da kuka ga lamba ta yi tsalle ko ta faɗi warwas, ku fara tambaya ko an sauya tsarin tambayoyi.

Nura: Na ji duk wannan, amma ba zan sauka daga kan maganata ba cewa gwamnatoci suna wasa da lambobin nan. Dubi Chaina. A watan Yunin 2023 rashin aikin matasan birane ya kai kashi 21.3. Watan Agusta suka ce sun dakatar da bugawa. Da suka dawo a Janairun 2024, sun cire ɗalibai daga lissafi, sai ga kashi 14.9. Ko a Amurka, a watan Agustan 2025 Shugaba Trump ya kori shugabar hukumar ƙididdigar ƙwadago, Erika McEntarfer, a ranar da aka fitar da rahoton da bai yi masa daɗi ba. To wa zan yarda da shi?

Baba Audu: A nan kam ka zo da magana, ɗana. Hukumar ƙididdiga in ba ta da 'yancin kanta, an gama. Ba sai an rubuta ƙarya ba ma. A hana ta kuɗin fita bincike ya isa, ko a jinkirta rahoto sai bayan zaɓe. Mu a teburin tattaunawar albashi da waɗannan lambobi muke faɗa. In gwamnati ta zo da nata, mu ba mu da namu, kuma ba wanda aka yarda da shi a tsakani, ma'aikaci ne ke kwana ciki. Shirun shekara biyun nan da ka ambata ya fi ɓata mini rai a kan sauyin tsarin. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta yi ta yanke shawara ba ta san adadin masu neman aiki ba.

Dakta Rabi: Na yarda, Baba. Sai dai a bambanta murɗiya da gyara. Lambar farko kullum ƙiyasi ce, in cikakkun bayanai suka iso sai a daidaita. A watan Agustan 2024 hukumar Amurka ta sanar cewa guraben aikin da ta lissafa sun zarce na gaskiya da wajen 818,000, ta faɗa da bakinta. Hukumar da ke fallasa gyaranta ta fi wadda lambarta ba ta taɓa motsi ba. Akwai kuma matsalar da ba ta siyasa ba: mutane sun rage amsa tambayoyi. A Birtaniya, a watan Oktoban 2023, hukumar ƙididdiga ta dakatar da alƙalumanta na yau da kullum saboda gidajen da ke amsawa sun yi ƙaranci.

Malam Habu: Dakta, ita manufar gwamnati tana iya sauya lambar ko da halin tattalin arziki ɗaya ne?

Dakta Rabi: Ƙwarai. Lokacin korona ya nuna haka. A watan Afrilun 2020 rashin aiki a Amurka ya kusa kashi 15, don kamfanoni sallama suka yi, gwamnati ta biya mutane a gida. Jamus kuwa ta biya kamfanoni wani kaso na albashi don su riƙe ma'aikata a rage musu awoyi. Mutum kusan miliyan 6 suka shiga shirin, suna gida ko suna rabin aiki, amma a takarda masu aiki ne. Annoba ɗaya, lambobi daban.

Sadiq: To ina aka dosa? Japan da Jamus suna kukan tsufan jama'a da ƙarancin ma'aikata, mu kuma mun yi yawa.

Baba Audu: Nan ne babbar maganar take. Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ne ke shiga kasuwar aiki a nahiyar kowace shekara, guraben aikin albashi na hukuma da ake samarwa kuwa wajen miliyan 3. Ragowar ba za su fito a layin marasa aiki ba. Za su hau babur, su riƙe waya suna jiran manhaja ta turo musu fasinja ko kayan kaiwa, ba kwantiragi, ba inshora. In ya faɗi ya karye, kansa. Kason rashin aiki zai zauna a kashi 4 ko 5, ana tafi, alhali matsalar tana girma. Ni abin da nake so ƙungiyoyin ƙwadago su matsa a kai shi ne a wajabta wa hukumomi fitar da lambobi huɗu tare a shafin farko: marasa aiki, masu ƙarancin awoyi, waɗanda suka fid da rai, da masu aikin da samunsu bai fitar da su daga talauci ba.

Ummu Khalil: A ƙara da rabewa tsakanin maza da mata, Baba, da birni da karkara. In an dunƙule, mu ne muke ɓacewa.

Nura: Kuma a sa ranar fitar da rahoto a doka, yadda Amurka ta saba fitarwa yawanci Juma'ar farko ta wata. Ba sai ranar da mai mulki ya ga dama ba. A kan awa ɗaya kuwa, har yanzu ban gamsu ba. In don kwatance da ƙasashen waje ne a bar ta, amma a ci gaba da buga lissafin awa 20 a gefenta, kowa ya ga duka biyun.

Lawal: Wannan mai yiwuwa ne, Nura, tunda awoyin kowa suna cikin bayanan da aka tattara. Ba sai an sake fita ba, lissafi ne kawai a kwamfuta. Abin da ake buƙata shi ne hukuma ta saki ɗanyen bayanan ga jami'o'i da 'yan jarida, bayan an goge sunaye da adireshi.

Malam Habu: Dakta, in kin samu lokaci, ki yi mana bayanin yadda ake auna masu aikin da ke cikin talauci. Da kuɗin shigar mutum ɗaya ake yi, ko da na gidan gaba ɗaya?

Dakta Rabi: Da na gidan ake yi, Malam. Ana duba abin da gidan ke samu ko kashewa, a raba da yawan mutanen ciki, a gwada da layin talauci. Shi ya sa direbobi biyu masu samu iri ɗaya, ɗaya zai faɗa ciki ɗaya ya tsira, in na farkon yana ciyar da mutum tara, na biyun uku. Binciken ƙwadago shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da binciken kashe kuɗin gidaje, wanda a ƙasashe da yawa sai bayan shekaru ake yin sa. Zan buɗe masa zare na daban gobe in Allah ya kai mu, don yana da tsawo.